Tsibirin Gwamnoni na New York: Baba ya yi mini tambayoyi uku na kasa amsawa

Maman Hanifa, Bronx

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda ya san tarihin tsibirin nan da ake ce wa Governors Island, wanda ke cikin ruwa tsakanin ƙarshen Manhattan da Brooklyn. Mahaifina ne ya yi mini tambayoyi a kansa na rasa ta cewa, ga shi saura sati biyu ya koma gida.

Baba tsohon soja ne, yana samanja ya ajiye aiki bayan shekara 35. Suna ya zo mana, muka riƙe shi wata biyu. Tun da ya sauka ba abin da ya burge shi a garin nan. Dogayen benaye ya ce jiri suke sa shi, jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa ya ce kamar an rufe mutum da ransa. Kullum yana falo yana jin labaran gida a waya. Ranar Asabar da ta wuce maigida ya ce mu fitar da shi ya sha iska. Wata abokiyar aikina ta taɓa ba ni labarin wani tsibiri da ba mota ba hayaniya, sai ciyawa da kekuna. Na yi dafa-duka, na soya kaji, na cika gora da zoɓo, muka hau jirgi mai lamba 4 har Bowling Green, muka taka zuwa tashar jirgin fito. Ko minti goma ba mu yi a kan ruwa ba muka sauka.

Ni dai wurin shaƙatawa na san za mu je. Amma muna haye ɗan tudun da ke bayan mashiga sai Baba ya ja ya tsaya. Ya dubi filin ciyawa, ya dubi gidajen da aka jera ƙarƙashin itatuwa kowanne da barandarsa, ya ce, "Ke, ai wannan bariki ne." Ba wanda ya gaya masa, ba allon da ya karanta. Ya ɗaga sandarsa ya shiga nuni: nan filin fareti, waɗancan masu ruwan ɗorawa na hafsoshi ne, wancan dogon ginin jan bulo da ya ƙi ƙarewa na kurata ne. Mutumin da sati shida ba ya tafiyar minti biyar sai ya nemi wurin zama, ranar nan shi ke gaba muna biye. Har ya tambaye ni ina kasuwar mami, don ya ce ba a yin bariki ba ita.

Da muka zagaya gefen da ke kallon mutum-mutumin 'yanci, wato Statue of Liberty, sai ga wani gini mai zagaye na jan dutse, kamar ƙaton rumbun da aka cire wa jinka, da ƙananan tagogi hawa-hawa. Muka shiga tsakar gidansa. Baba ya ga ƙarafa a tagogin, ya dafa wata ƙofa, ya yi shiru. Da muka fito na shimfiɗa tabarma a inuwar ginin don mu ci abinci, sai ya ce in naɗe. Ya ce shi ya taɓa riƙe makullin gadurum, ya san abin da bango irin wannan yake ji da dare, ba zai ci kaza a jikinsa ba. Muka kwashe kaya muka matsa can nesa.

A hanyar dawowa ya jero mini tambayoyin. Su wa aka tsare a gidan dutsen nan? Me ya kori soja daga wuri mai kyau haka, tunda shi a saninsa soja ba ya barin bariki haka kawai? Sannan da suka tashi, ta yaya aka yi manya ba su yanka filin sun rabe ba, alhali ga shi a bakin wuri mafi tsadar ƙasa a duniya?

Zan faɗi gaskiya, ba Baba kaɗai abin ya taɓa ba. Ni 'yar bariki ce. A Kaduna aka haife ni, a Jos na yi firamare, a Maiduguri na gama sakandare, duk a gidan soja. Tun ranar da Baba ya miƙa makulli ban ƙara shiga ko ɗaya daga cikin gidajen da na tashi a ciki ba, don in ka je get za a tambaye ka wajen wa ka zo, kai kuwa ba ka da kowa kuma. Sai ga ni ina yawo a barikin wasu ba wanda ya ce in nuna kati, 'yata tana birgima a filin faretinsu. Ina so in mayar da shi kafin ya tafi, amma wannan karon da amsa a bakina.

Baban Abba, Brooklyn

Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ki gaida mana Baba, ki ce masa idonsa bai yaudare shi ba. Wurin nan ya yi kusan shekara 200 a hannun masu kaki. Ni shekarata 24 ina tuƙa tasi a garin nan, kuma duk baƙon da ya zo mini daga gida can nake kai shi, shi ya sa na zauna na bi allunan ɗaya bayan ɗaya, na kuma yi ta tambayar ma'aikatan wurin.

In kun koma, ki fara tsayar da shi a bakin ruwa ya dubi yadda tsibirin ya zauna, zai fi ni ganewa. A zamanin jiragen filafilan iska, duk jirgin da ya shigo daga teku, ko kogin Hudson ya nufa ko East River, sai ya gitta ta gabansa. Wanda ya girke igwa a nan shi ke da ƙofar birni. A 1776 sojojin George Washington suka tara ƙasa suka kafa bindigoginsu a wurin, amma a watan Agusta na shekarar Ingila ta ci su a Brooklyn, ta kuma riƙe New York har 1783. Wannan kashin da suka sha shi ya sa da suka samu kansu suka duƙufa gina kagara. A 1794 aka fara Fort Jay, aka sa masa sunan John Jay, alƙalin alƙalan Amurka na farko. A 1800 jihar New York ta miƙa tsibirin ga gwamnatin tarayya, sannan tsakanin 1806 da 1809 aka sake gina Fort Jay da dutse da bulo. Fasalin tauraro gare shi, da busasshen gwalalo kewaye, irin dabarar da masu ganuwa na ƙasarmu ma suka sani: kafin maƙiyi ya kai bango ya faɗa rami, ana harbinsa ta gefe biyu. Ban ji kin ambace shi ba, ina jin kun wuce shi, don a nutse yake cikin ƙasa, daga nesa sai ki ɗauka tudun ciyawa ne.

Mai zagayen da Baba ya ƙi cin abinci a jikinsa shi ne Castle Williams. An gina shi daga 1807 zuwa 1811, kuma injiniyan soja Kanar Jonathan Williams ne ya tsara shi. Tsayinsa ƙafa 40, kaurin bangon ƙafa 7 zuwa 8. Tagogin nan da kuka gani asali ba na shan iska ba ne, kowanne bakin igwa ne, hawa bisa hawa, an yi shi da zagaye don ya yi wuta ta kowace fuskar ruwa. Yana da ɗan'uwa a tsallake, Castle Clinton, inda yanzu ake sayen tikitin zuwa mutum-mutumin 'yanci. Shi kansa mutum-mutumin a kan tsohuwar kagara yake tsaye. Da aka gwabza da Ingila a yaƙin 1812, jiragenta ba su shigo sun far wa birnin ba, don haka igwar Castle Williams ba ta taɓa harbin maƙiyi ba. Daga baya aka ƙera bindigogin da bangon dutse ba ya iya tare su, ginin ya tashi daga amfani a matsayin kagara.

Nan amsar tambayar farko take. A yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, aka mayar da shi wurin tsare sojojin Kudu da aka kama. Ki gaya wa Baba wannan, na san zai gyaɗa kai: hafsoshin da aka kamo a Fort Jay aka ajiye su, da ɗan sarari da damar taka ƙafa, kurata kuwa a ɗakunan igwa aka cusa su ɗari bisa ɗari, ga sanyin teku, ga cuta, wasu a nan suka mutu. Bayan yaƙi ya zama kurkukun soja, inda Amurka ke kulle nata sojojin da suka yi laifi ko suka gudu daga aiki, kuma bai daina ba sai 1965. Gadurum ɗin da ya ce, shi ne.

Tambaya ta biyu, ba wanda ya kore su da bindiga. Kafin su tafi ma sai da suka ƙara wa tsibirin girma. Asalinsa eka 69 ne. Daga 1901 zuwa 1912 aka riƙa kwaso ƙasa da duwatsu, har da waɗanda aka tono wajen haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Manhattan, ana cike ruwa ta kudu, aka ƙara eka 103, ya zama 172. A wannan sabon filin ne Wilbur Wright ya tashi da jirginsa a 1909 ya zagaya mutum-mutumin 'yanci, jama'a na kallo daga gaɓa. Dogon ginin da Baba ya ce na kurata ne sunansa Liggett Hall, wajen 1930 aka gama shi, don runduna guda ta kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. A farkon yaƙin duniya na biyu nan ne hedikwatar Runduna ta Ɗaya ta Amurka. Amma a zamanin jirgin sama da makami mai linzami, tsibiri a bakin birni ba ya tsare kowa. A 1966 sojan ƙasa suka koma Maryland, masu tsaron gaɓar teku suka karɓi wurin.

Su ne suka mayar da shi gari sosai. Sama da mutum 3,000 suka zauna, da mata da yara, da makarantar firamare, da majami'u, da kanti, da filin golf a kan filin fareti, har da Burger King. To ga kasuwar mamin da yake nema. Kurkukun kansa sun gyara shi ya zama gidan taron unguwa, da ɗakin renon yara da wurin koyon kafinta a ciki. A zamaninsu ne Reagan ya gana da Gorbachev a nan cikin Disamba 1988, a nan kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar rikicin Haiti a 1993. Abin da ya tashe su a 1996 tsada ce. Gari ne da komai nasa, daga burodi har motar kashe gobara, sai jirgin fito ya ƙetarar da shi.

Ta uku, saura ƙiris a sayar. Majalisar dokokin Amurka ta so a sa shi a kasuwa, ana maganar dala miliyan 500, wasu har sun fara kawo shawarar gidan caca. Mutanen gari da ƙungiyoyi suka yi ta matsa lamba. A Janairun 2001, yana gab da sauka, shugaban Amurka Bill Clinton ya ware eka 22 da kagarar biyu ke ciki ya ce wurin tarihi ne na ƙasa. A 2003 aka sayar wa mutanen New York sauran eka 150 a kan dala 1. Ba arahar ce ta tsare shi ba, sharaɗin da aka rubuta a takardar mallaka ne: ba gidajen zama na dindindin, ba gidan caca, kuma dole a bar aƙalla eka 40 ta zama wurin shaƙatawar jama'a. Abin da ya ɗaure hannun masu kuɗi ke nan.

Ɗan Zango, Harlem

Salamu alaikum. Baban Abba, Allah ya ƙara sani, na ƙaru. Amma ka fara labarin daga tsakiya, kuma ni akwai abin da ke cina game da wurin nan.

Kafin Washington akwai masu ƙasa. Mutanen Lenape ne, suna kiran tsibirin Paggank saboda itatuwan da ke zubar da 'ya'ya masu ƙwanso, suna zuwa su kama kifi su tsinci 'ya'yan itace. A 1637 wani gwamnan 'yan Holan, Wouter van Twiller, ya karɓe shi a hannunsu da kan gatari biyu da zaren duwatsun ado da 'yan ƙusoshi. Da Ingila ta ƙwace garin, sai a 1699 aka keɓe tsibirin don jin daɗin gwamnonin sarkinta, sunan da yake amsawa har yau daga nan ya samo asali. Mu da kakanninmu suka ga gwamnonin Ingila a Kumasi da Kano, bai kamata mu karanta wannan mu wuce kamar ba mu gane ba. Hajiya, in za ki ba Baba labari ki haɗa masa da wannan.

Abin da ke cina kuwa shi ne gidajen. Na je sau biyu. Na leƙa tagar wani gidan bene na jan bulo a layin da kanar-kanar suka zauna, ɗakuna manya, dandamalin katako, murhun jin ɗumi, ba kowa a ciki, fenti na ɓarewa. Na dawo Harlem na shiga ɗaki ɗaya da falo inda muke kwana mu shida, kuma rabin abin da nake samu a wata can yake tafiya. Ranar ban yi barci da wuri ba. Garin da mutane ke kwana a tashar jirgi, a ce an rubuta doka kada kowa ya zauna a eka 172? Kuma dokar ba ta hana mai kuɗi kwana ba. Akwai tantunan alfarma da ake haya da dare, akwai gidan wanka da tausa da aka buɗe a 2022 cikin tsofaffin gine-ginen sojan, kuɗin shigarsa ya fi na cefanen satina. A 2023 kuma aka ba jami'ar Stony Brook jagorancin wata babbar cibiyar binciken sauyin yanayi da za a gina a gefen kudu. Ilimi abu ne mai kyau, ban ƙi ba. Tsorona shi ne a yi ta gutsura kaɗan-kaɗan har ranar da talaka zai tarar ɗan zirin ciyawa kawai aka bar masa.

Maman 'Yan Biyu, Brooklyn

Ɗan Zango, wallahi na ji zafin maganarka, mu ma haya muke biya. Amma ka tambayi kanka, da an ɗage sharaɗin nan gobe, gidan da tagarsa ke kallon mutum-mutumin 'yanci ni da kai za a ba? Ka dubi abin da aka gina a bakin ruwan Brooklyn cikin shekarun nan ka ga su wa ke ciki. Da a yi benen da mai gadi zai tare ni a ƙofarsa, gara ciyawar da zan shimfiɗa zanina a kai.

Kuma ba kango ba ne kamar yadda ake zato. Ba mai zama a can, gaskiya ne, amma da rana cike yake. Ɗana a can yake sakandare, New York Harbor School, makarantar gwamnati ce da ta koma tsibirin a 2010. Kullum da sassafe jirgin fito yake hawa ya je aji. Ana koya musu tuƙin jirgin ruwa da gyaran injinsa da nutso, suna kuma renon kawa suna zubawa a teku don ta tace ruwan. Yaron da na haifa yana tsoron baho, yanzu shi ke koya wa ƙannensa iyo.

Maman Hanifa, ga abin da zai amfane ku. Da muka je bana kuɗin jirgi dala 5 ne zuwa da dawowa, yara ƙanana da dattawa masu 65 zuwa sama ba sa biya, jiragen safe na Asabar da Lahadi ma kyauta ne, amma ki duba kafin ku fita don suna canzawa. Tun ƙarshen 2021 a buɗe yake duk shekara. Ba masallaci, ki riƙe darduma da gorar alwala, alƙibla arewa maso gabas ce, kuma ba wanda ya taɓa yi mana kallon banza don mun yi salla a ciyawa. Ki kai Baba kudu ya ga tuddan da aka buɗe a 2016. Mafi tsayinsu ƙafa 70 ne, akwai hanya mai sauƙi da ke zagayawa har sama, kada ku bi ta duwatsun. Akwai na yara mai abin zamewa, Hanifa ba za ta so tafiya ba. Daga 2021 kuma an riƙa kawo tumaki da zafi su cinye ciyawar da ke kashe ƙananan itatuwa. In kun dace da su, na san dattijo zai ji daɗi.

Baban Abba, Brooklyn

Ɗan Zango ya yi gaskiya, na tsallake masu ƙasa, Allah ya ba da lada da ka cike. Ƙari ɗaya kan tuddan da Maman 'Yan Biyu ta ambata. Ba na Allah ba ne, ɗora su aka yi. Gefen kudu da can shimfiɗe yake kamar faranti, cike da gidajen iyalan masu tsaron gaɓa. Aka rushe su, har da wani dogon bene da aka tashi da nakiya a 2013, aka haɗa ɓaraguzan da wata ƙasar aka tayar da tuddan. An ɗaga ƙasar wurin ne da gangan saboda ambaliyar teku, kuma da guguwar Sandy ta zo a 2012 kowa ya ga dalili. Duwatsun da matasa ke takawa su hau kuwa daga tsohon bangon tare ruwa na tsibirin aka ciro su. Maman Hanifa, ku tambayi ma'aikatan nan masu faffaɗar hula ko ana hawa rufin Castle Williams ranar, don ba kullum ba ne.

Maman Hanifa, Bronx

Jama'a, Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Mun koma jiya Lahadi, jirgin farko muka hau. Daren Asabar na zauna na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuto. Da na zo wajen hafsoshi a Fort Jay, kurata a ɗakin igwa, ya ce, "Ko a hannun maƙiyi ma?" Ya daɗe yana jinjina kai. Ɗan Zango, naka ma na karanta masa duka. Ya ce a gaya maka ya zauna da iyali bakwai a ɗaki biyu shekara tara, ya san abin da kake faɗa, kuma yana yi maka addu'ar buɗi.

Fort Jay muka fara zuwa. Baban Abba, gaskiyarka, mun wuce shi wancan karon. Baba ya tsaya a kan gadar gwalalo ya leƙa ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi gaggafar dutsen da ke saman ƙofa, sannan ya je ya sa tafin hannu a bakin wata ƙatuwar igwa baƙa ƙirin. Ya auna kusurwoyin tauraron da sandarsa, ya nuna wa maigida inda mutum zai tsaya a harbe shi ta gefe biyu. Ya ce wanda ya zana wannan ya san aikinsa.

A Castle Williams ban ce masa komai ba sai da muka shiga tsakar gida. Na ce, Baba, ka san bayan an daina kulle mutane a nan, ɗakin renon yara aka yi a ciki? Ya dube ni, ya dubi tagogin, ya ce 'ya'yan sojan? Na ce na masu tsaron gaɓa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a a hankali, bai gaya mini wa ya yi wa ba, ban kuma tambaya ba. Abinci dai har jiya bai yarda an ci a wurin ba, sai can wajen gidajen ruwan ɗorawa. Tumakin ba mu same su ba.

Abin da na fi so in ba ku labari a kan tudu ya faru. Mun bi hanya mai sauƙin, Baba yana hutawa yana ci gaba, har muka kai sama. Ga Manhattan, ga mutum-mutumin kamar ka miƙa hannu, ga jiragen ruwa na wucewa. Wata Baturiya mai furfura, za ta yi shekara 50 da wani abu, ta matsa masa a benci. Ta ga yadda yake zaune bayansa a miƙe, ta tambaye ni ko tsohon soja ne. Na ce e. Ta ce ita a tsibirin nan ta tashi, mahaifinta mai tsaron gaɓa ne, a nan ta yi firamare. Na ce ina gidanku? Ta nuna wani fili can ƙasa, ta ce a can yake, an rushe, sannan ta buga ƙafarta a ƙasa sau biyu ta ce wataƙila yanzu muna zaune a kan wani yankinsa. Ta ce duk shekara takan zo, ta zagaya, ta hau nan ta zauna.

Na fassara wa Baba. Ya ce in tambaye ta ko ta tuna lambar gidan. Ta faɗa nan take, ba ta ko yi tunani ba. Sai ya juyo gare ni ya ce, ke fa, na Jos? Na buɗe baki na ji ba komai. Na tuna bishiyar mangwaron bayan gida, na tuna famfon da muke layi da bokiti, na tuna ƙarar bigila da asuba, amma lamba ta ɓace mini. Hawaye suka zubo mini a gaban matar, ta riƙe mini hannu ba ta san me aka ce ba.

A jirgin dawowa Baba ya kira Hanifa ya ce ta ciro littafi da biro daga jakarta. Ya fara daga Kaduna. Bulo kaza, ɗaki kaza, shekara kaza zuwa kaza, maƙwabcin dama kofur wane, na hagu saje wane, wanda matarsa ke sayar da ƙosai. Yana faɗa da Hausa, ina taya ta rubutawa, don ba ta iya ƙ da ɗ ba tukuna. Gidaje bakwai ya lissafa. Jirgi ya tsaya muna kan na huɗu, muka ƙarasa sauran a benci a tashar Bowling Green, jirage biyu suka wuce mu. Na Jos, bulo na C ne, ɗaki na 14.